Alwalar Darakta

Alhaji Abdulmuttalib ya yi ritaya yana mataimakin darakta a wata ma'aikata a Kano. Da ya tattara ya dawo Gaya, mutanen unguwa suka ga "mataimakin" ya yi musu tsawo a baki, suka yanke shi, suka bar masa Darakta. Bai taɓa gyara wa kowa ba.

Abin da ya dame shi a gida ba sunan ba ne. A Kano yana da kujera mai juyawa da masinjan da yake miƙewa in ya shigo. A Gaya kuwa mutane su gaishe shi da ladabi, su tambayi iyali, su koma kan abin da suke yi. Ba mai kawo masa takarda ya sa hannu, ba mai jiran ya ce a yi ko a bari. Saboda haka ranar da Malam Bappa, dattijon da yake riƙe da shugabancin kwamitin masallacin unguwa tun masallacin yana ginin ƙasa, ya ce idonsa ya yi rauni, zai sauka kafin damina, dattawa su zaɓi wani, Darakta ya ga kujera.

Ba wata babbar kujera ba ce. Aikinta tabarmi, da batirin lasifika, da toshe rufi in ya fara yoyo. Amma ana kiran mai ita Shugaba, kuma in ya yi magana a bayan salla ba wanda yake tashi sai ya gama. Sunan mutum ɗaya ake ambata ban da nasa, Usaini mai awo, wanda mabuɗin masallacin yake hannunsa, mutum ne da in ya fara zance sai wani ya ƙarasa masa. Darakta bai ɗauke shi abokin takara ba. Duk da haka ya san dattawa suna son su ga aiki da idonsu, sai ya yanke shawarar nuna musu.

A tsakiyar bazara, lokacin da kaji suke yawo baki buɗe, ya tafi Kano ya dawo da bayan motarsa cike da ƙananan shuke-shuke a baƙaƙen ledoji, irin waɗanda ake jerawa a gaban ofisoshi ana aske musu kai. Ya sa aka haƙa ramuka a jere a gaban masallacin, aka dasa, aka kewaye kowacce da ƙaya saboda awaki. Mafi girma a cikinsu ya sa ta a bakin ƙofa.

Ɗanladi mai faci, wanda rumfarsa take kallon masallacin, ya ajiye tayar da yake dubawa ya tsallako.

"Darakta, sannu da ƙoƙari. Me take haifa?"

"Ba ta haifar komai."

"Ana miya da ganyen?"

"Ba a yi."

"To magani fa? Ko na shawara?"

"Ado ce, Ɗanladi."

"Inuwa dai za a samu."

"Iyakarta ƙugu. In ta wuce nan aske ta ake yi."

Ɗanladi ya daɗe yana kallon shukar, sannan ya gyaɗa kai. "Allah Ya raya. Mu ma muna da irinsu a gida, sai ci sai aski."

Darakta ya bar maganar ta wuce. A ganinsa duk wanda ya kawo sabon abu sai ya sha irin wannan.

Abin da bai yi lissafi da shi ba shi ne ruwa. Mai sayar da shuke-shuken ya gaya masa sabon dashe a irin wannan zafi sai da ban ruwa safe da yamma, har saiwa ta kama. A bana kuwa rijiyoyin unguwar sun ja baya har guga yana dawowa da laka, famfon tuƙa-tuƙa ɗaya ne yake aiki, kuma layin jarkokin da ke gabansa ya biyo ta gefen masallacin. Darakta ya kira ɗan garuwa, ya tsaya a kansa yana juye ruwa a gindin ganye, mata da 'yan mata a layi suna kallo. Wata tsohuwa, Hanne, wadda ta zo tun hantsi ba a kai kanta ba, ta ɗaga ido sama ta ce da muryar da ta isa ko'ina, "Allah Ka mai da ni fulawa."

Kafin la'asar maganar ta kai kunnen Malam Bappa. Kafin magariba ta dawo wa Darakta ta bakin matarsa, Hajiya Lauratu, wadda ta ƙara da nata.

"Kada ma ka kalli tankin gidan nan, Alhaji. Da shi nake girki."

"Wa ya ce zan taɓa miki tanki?"

"Na ga kana zagaye shi tun safe."

Dabarar ta zo masa a ƙofar masallaci. Yana tsaye yana kallon mutane a tsugune da butoci, ruwan alwalarsu yana gangarawa yana taruwa a wani kwari inda agwagin maƙwabta suke wanka. Ruwa ne da ba wanda zai yi masa gori a kai, kuma sau biyar ake zubar da shi kowace rana. Da aka sallame salla ya miƙe ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya irin ta taron ma'aikata.

Ya ce kowa ya riƙa yin alwalarsa a gindin shuka ɗaya. Ba a ƙara ruwa ba, ba a rage ba, ga lada biyu a buta ɗaya.

Aka juya ga Liman. Liman ya ce bai ga laifi ba, ruwan alwala ba najasa ba ne, kuma mai dasa itace yana da ladan duk abin da aka ci a jikinsa.

"Ai ba a cin wannan, Malam," in ji Ɗanladi daga sahun baya.

Liman ya yi kamar bai ji ba.

Wani ya tambayi batun kurkurar baki da face hanci. Darakta ya ce taki ne. Aka yi dariya, aka amince. Washegari ya sa aka ajiye bulo ɗaya a gaban kowace shuka don zama. Shi ya fara, a kan babbar ta bakin ƙofa, ya naɗe hannun riga, ya sa aka ɗauke shi hoto da waya.

Mutum a masallaci bai cika sauya wuri ba. Inda ka gan shi a sahu bara, nan za ka same shi bana. Haka aka yi da bulon. Kowa ya kama nasa, har shuke-shuken suka sami suna: ta Liman, ta Ladan, ta Usaini, ta Ɗanladi, ta Maikuɗi direba, ta Darakta. In baƙo ya zauna a bulon wani, sai a ce masa da ladabi ya matsa can ƙarshe, akwai ta matafiya.

Zafi ya ci gaba da aikinsa. Ba a daɗe ba aka fara ganin bambanci. Ta Liman ta yi shar. Ta Ladan ta fi ta, don shi yake fara zuwa kuma yakan sake alwala in ya yi gyangyaɗi kafin a ta da salla. Ta Usaini tana nan daidai, ba yabo ba fallasa, kamar mai ita. Ta Maikuɗi, wanda yake wuni a hanyar Ajingi zuwa Kano da bas ɗinsa, ta zubar da ganye, aka yi masa uzurin tafiya. Ta Ɗanladi kuwa ta yi rawaya, ga rumfarsa nan a tsallaken hanya, ba inda yake zuwa.

Darakta ne ya fara nuna ta. Ya tsaya a kanta da yamma, jama'a na zaune a gindin darbejiya, ya ce, "Ɗanladi, taka ba ta da lafiya ne?"

"A gida nake alwala, Darakta."

"Kowa ma haka yake cewa. Wanda ya zo kan lokaci a nan yake alwala. Mai alwala a gida shi ne mai riskar raka'ar ƙarshe, in ma ya riska."

Majalisa ta fashe da dariya. Ita ce dariya ta farko da Darakta ya samu tun dawowarsa wadda ba a kansa aka yi ba, kuma ya kwana yana jin daɗinta. Ɗanladi ya yi murmushi ya ce an gode. Daga ranar ya fara zuwa da butarsa, amma an makara, shukar ta bushe.

Maganar Darakta ta zama doka ba tare da an rubuta ta ba. Sahun asuba ya ƙara tsawo. Mata masu zuwa famfo suka riƙa rage sauri a gaban masallacin, kowacce tana duba ta mijinta da gefen ido. An ce wani dattijo da ya zo daga Ajingi binciken mai neman 'yarsa bai tambayi kowa halin saurayin ba, cewa ya yi a nuna masa shukarsa. Malam Bappa da kansa ya ce tunda yake bai ga abin da ya cika masallacin nan kamar ganyen Darakta ba. Darakta ya fara tunanin irin hular da zai sa ranar da za a ba shi kujerar.

A cikin wannan jin daɗi ne wata magariba ya lura gefen ganyen tasa ya fara naɗewa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne a wurinsa. Yana da banɗaki mai tayil da famfo a tsaye, inda mutum zai yi alwala bai durƙusa ba, bai jiƙa shadda ba. Gwiwoyinsa ba sa son bulo. Azahar da la'asar, lokacin da rana take dukan ƙeya, a falo yake yin su ƙarƙashin fanka. Asuba kuwa yana yin ta, amma sau da yawa sai haske ya yi masa sallama ta taga. Magariba da isha ne nasa a masallaci, su ma da alwalarsa yake fitowa. Shukar ta rayu zuwa yanzu ne da ruwan ɗan garuwa na farko da na ranar hoto, da ɗan abin da baƙi suka zuba mata bisa kuskure.

Uzuri ɗaya ne yake da shi, kuma shi da bakinsa ya kashe shi a gaban jama'a.

Ya fara da ramuwa. Ya zo magariba da babbar buta, ya zauna a bulonsa, ya wanke kowace gaɓa kamar mai wanke mota, ya cika butar ya sake. Ɗanladi ya leƙo ya tambaya ko a kawo sabulu. Bayan isha Liman ya yi gajeriyar nasiha a kan ɓarnar ruwa a wurin alwala. Bai kalli kowa ba, abin da ya sa kowa ya san da wa ake.

Sai ya gwada fitowa azahar. Ya yi ta kwana kaɗan, kansa ya riƙa sarawa, ya koma ƙarƙashin fanka. Ya ce wa Lauratu ta riƙa tashinsa da asuba. Ta tashe shi, ya ce to, ya juya. Ta sake, ya ce ya ji. Da safe ya yi mata faɗan ba ta tashe shi ba.

Ganyen ya zube. Abin da ya rage a bakin ƙofar masallaci, inda duk mai shiga sai ya cire takalmi a gabansa, 'yan tsirarun rassa ne a cikin kewayen ƙaya.

"Darakta," in ji Ɗanladi, yana goge hannu da tsumma, "taka ta yi ritaya ne?"

"Hutu take. Irinsu sukan yi haka kafin su tofo."

"Haka ne. Tawa ma hutun take."

A makon ne Malam Bappa ya sanar cewa Juma'ar sama, bayan la'asar, dattawa za su zauna a kan maganar kujera, don an fara ganin gajimare a gabas. Da zai fita, da yake idon ba ya gani sosai, ya bi jerin shuke-shuken yana shafa su da hannu, yana faɗin sunan masu su. Da ya zo ta bakin ƙofa ya kama reshe. Reshen ya karye a hannunsa, ƙaras. Tsohon ya tsaya jim, ya jujjuya karan a yatsunsa, ya sa shi a aljihu kamar zai yi sakace da shi, ya wuce. 

Washegari Darakta ya tafi Kano.

Mai shuke-shuken ya ce irin waccan ta ƙare, amma ga 'yar'uwarta, ta ma fi ta kyau. Tsayinsu ɗaya. Ganyen ya ɗan fi faɗi da duhu, kuma a kan rassan akwai jajayen furanni cunkus-cunkus. Darakta ya yi jinkiri, ya duba sauran masu sayarwa a bakin titin, bai samu ba, ya dawo ya ɗauka. Ya shigo da ita gida a bayan mota, ya ɓoye ta a bayan tanki.

Lauratu ta same ta kafin ya cire hula.

"Wannan kuma ta waye?"

"Tawa ce."

"Taka tana masallaci, na gan ta jiya. Har na yi mata addu'a."

"Hajiya, ba na son surutu."

Ta sunkuya ta duba ganyen. "Alhaji, wannan ko a dangi ba su haɗu da waccan ba."

"Ganye ganye ne. Wa zai tsaya dubawa?"

Ta kalle shi, ta kalli shukar, ta koma ɗakin girki.

Sa'a ta zo masa ranar Asabar. Ana ɗaurin auren ɗan Ladan a Kademi, kuma duk mazan masallacin suka cika bas ɗin Maikuɗi da babura suka tafi tun hantsi. Darakta ya aika da uzurin hawan jini. Ya jira rana ta take tsaka, lokacin da ko akuya ba ta tsallaka hanya, layin famfo ya watse zuwa inuwa. Ya fito da fartanya da shukar a cikin buhu. Rabonsa da riƙe fartanya tun yana makarantar firamare. Ya janye ƙayar, ta soke shi. Ya tuge busasshiyar, ya faɗaɗa ramin, ya yage ledar, ya dasa sabuwar, ya juye mata jarka guda daga tankin Lauratu. Sannan ya tsinke furannin ɗaya bayan ɗaya yana cusawa a aljihu, ya barbaɗa busasshen rairayi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar, ya mai da ƙaya. Ya koma gida rigarsa ta manne masa a baya, da tsohuwar shukar a cikin buhu.

Lauratu ta karɓa ta kakkarya ta tura a murhu. "Ko ba komai ta dafa ruwan shayi," ta ce.

Jama'a suka dawo daf da la'asar, da ƙura a huluna. Darakta ya riga su zama a bulonsa, da bayanin da ya shirya tsaf: saiwar dama tana da rai, zafi ne ya sa ta ja jiki, yanzu ta tofo. Mutane suka zo ɗaya bayan ɗaya, suka cire takalmi a gaban shukar, suka kalle ta, suka yi masa ya jiki, suka ɗauki butoci. Ladan ya kalle ta ya kalli Liman. Liman ya kalli sama. Usaini ya buɗe baki ya ce, "Ai wannan..." ba wanda ya ƙarasa masa, ya rufe.

Ba wanda ya tambaye shi komai. Bayanin ya kwana a cikinsa.

Furannin da suka buɗe ya tsinke. Bai kula da ƙananan ƙullin da suke ɓoye a tsakanin ganye ba. Da safiyar Litinin suka buɗe, ja wur, a kan shukar da duk 'yan'uwanta na jeri ba wadda ta taɓa yin fure, kuma wadda a makon jiya Malam Bappa ya karya reshenta da yatsa biyu.

Ɗanladi ne ya fara. Ya tsallako hanya, ya cire hula, ya russuna har gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa, ya miƙa hannu biyu.

"Darakta, a yafe mana abin da muka faɗa a baya. Ba mu sani ba. A sa mu a addu'a."

"Wane abu kuma?"

"Ai ba sai an faɗa ba. Bayin Allah ba sa son a tona su."

Daga nan abin ya bazu. Masu gaishe shi a tsaye suka koma durƙusawa. Maikuɗi ya tsai da bas cike da fasinja a gaban masallacin, ya nuna musu shukar ta taga, ya roƙi Darakta ya shafa masa sitiyari. Hanne ta bar jarkarta a layi ta zo neman ganye ɗaya za ta ɗaura a gwiwa. Wani ya ce shi a Kademi ma ya ji jikinsa ya ba shi wani abu yana faruwa a gida. Duk wannan ba wanda ya yi ko murmushi.

Darakta ya san ba karama ya yi ba. Abin da bai sani ba shi ne nawa ne a cikinsu suka sani. Ya auna abin yadda yakan auna taro a ofis: ba wanda ya yi suka, kowa yana yabo, ke nan takarda ta wuce. Ya sa aka wanke masa babbar rigar da zai sa ranar Juma'a.

"Alhaji, dariya suke maka," in ji Lauratu, tana ninke rigar.

"Kin ga wanda ya yi dariya?"

"Shi ya sa na ce maka."

"Ke ba ki san sha'anin jama'a ba."

Ranar Juma'a bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya. Dattawa suka zauna a gaba, sauran jama'a a baya, Ɗanladi a jingine da bango. Malam Bappa ya yi addu'a, ya gode wa kowa da haƙurin da aka yi da shi, sannan ya juya fuskarsa wajen da ya ji muryar Darakta.

Ya ce tun farko zuciyarsa tana kan Alhaji Abdulmuttalib. Mutum ne mai ilimi, wanda ya ga duniya, wanda ya cika musu sahun asuba da dabarar da ba wanda ya taɓa tunaninta. Darakta ya sunkuyar da kai irin na mai jin nauyin yabo.

"Amma a makon nan," in ji Malam Bappa, "Allah Ya nuna mana abin da ya fi ƙarfin tunaninmu. Ni da hannuna na taɓa itacen nan yana busasshe. Yau ga shi da fure, kuma ba ma irin furen gidansu ba. Mun yi shawara da Liman da sauran dattawa, mun ga mutumin da alwalarsa take yin wannan aiki, zalunci ne a ɗora masa batun batir da yoyon kwano. Wannan aikin irinmu ne. Usaini zai riƙe."

Usaini ya ɗago kai ya ce, "Ni kuwa ai..." Ladan ya ƙarasa masa da "ya karɓa," aka ce Allah Ya taya riƙo.

"Shi kuma Alhaji," tsohon ya ci gaba, "muna roƙonsa alfarma ɗaya. Akwai ta Maikuɗi, akwai ta Ɗanladi, akwai wasu a can ƙarshe, duk sun mutu. Ya taimaka ya riƙa zagaya su da alwalarsa, kowace salla a gindin ɗaya, ko Allah Ya sa su ma su samu rabonsu. Ba mu ce sai sun yi fure ba. Ganye ma ya ishe mu."

Duk fuskoki suka juyo gare shi, cike da girmamawa.

Darakta ya ga hanyoyi biyu a gabansa. Ko ya miƙe a cikin babbar rigarsa ya gaya wa mutanen nan cewa ya ƙi zuwa ɗaurin aure da ƙaryar ciwo don ya haƙa rami a ƙofar masallaci da tsakar rana, ko ya karɓa. Ya duba fuskokin yana neman ɗaya da za ta yi dariya, don ya samu abin yi wa fushi ya tashi ya tafi. Bai samu ba.

"Na gode," ya ce. "Allah Ya ba mu iko."

Aka shafa fatiha.

Washegari da azahar yana zaune a bulon Maikuɗi, rana tana dukan ƙeyarsa, gwiwoyinsa suna ƙara, yana zuba ruwa daga gwiwar hannu zuwa kan wani kara da ko gara ta raina. Ruwan yana taɓa ƙasa yana ɓacewa. A bakin ƙofa tasa mai furen ta fara sunkuyar da kai, don tun Asabar ɗin da aka dasa ta ba ta sake ganin jarka ba, kuma yanzu ba shi da salla ko ɗaya da ta rage mata.

Inuwar mutum ta faɗo a kansa. Ɗanladi ne, da butarsa a hannu.

"Sannu da aiki, Darakta. Shugaba ya ce in tuna maka tawa ce da la'asar."

"Na sani."

"Kuma ya ce a ɗan daure a gama kafin ruwa ya sauka. In damina ta riga ka, ba za a san aikin wane ne ba."

Ya wuce ya zauna a ta matafiya. Darakta ya ɗaga kai ya dubi gabas. Gajimaren da aka gani a makon jiya ya watse, sama fes take har iyakar gani. Ya karkata butar, ya wanke ɗayan hannun.